Hular Baffa a Kashi na Biyu

Har yau in na ji warin hayaƙin ƙaramin janareta, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, sai gabana ya faɗi. Maƙwabcinmu a nan birni yana da irinsa. Duk ranar da aka ɗauke wuta ya tayar da shi, sai in tsinci kaina a zauren gidanmu na ƙauye, ina 'yar yarinya, na raɓe a jikin kakata muna jiran hoto ya fito a akwatin talabijin. 'Ya'yana sun ɗauka ƙarar ce ba na so. Ban taɓa yi musu bayani ba, amma kai mai karatu bari in gaya maka.

Ƙauyenmu yana can gaba da Minjibir, inda gona ke manne da gona, babu ko ɗan fegin da za a saki akuya ta yi kiwo. Da aka raba gonar kakanmu, kowane ɗa ya tashi da ɗan yankin da ba zai ciyar da gida ba ko a shekarar albarka. Shekarun da nake ba ka labari kuwa ba na albarka ba ne. Ruwan sama yakan ɗauke, gero yana tsaka da fitar da kai, takin zamani ya yi wuyar gani, rumbu kan ƙare tun ba a yi shuka ba. Kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli shi ne abincin rana, wani lokacin har da na dare. A cikin wannan hali ƙanin babana, autan kakata, wanda muke kira Baffa, ya tafi cin rani Kano. 'Yan cin rani da ruwan farko suke dawowa. Ruwa ya sauka, kowa ya dawo ban da shi. Wata damina ta zagayo, shiru. Babana ya bi tashoshi da kasuwanni da wuraren da 'yan garinmu ke kwana, babu wanda ya ce ya gan shi. Kakata ta daina tambaya, amma ta rataye fartanyarsa a ɗakinta, ta hana kowa taɓawa.

A bakin kasuwarmu akwai gidan kallo, ɗaki ɗaya da aka kewaye da zana. A ƙofarsa akwai darbejiya, a ƙarƙashinta kuma wani tela yake zama da kekensa da tarin hulunan da yake ɗinkawa da hannu. Ya yi zaman birni da ƙuruciyarsa, kuma a cewarsa babu fim ɗin Indiyan da bai gani a silima ba. Ni ina tallan gyaɗa a wurin, don haka na sha jin musunsu. Da samari sun fito suna yaba sabon fim ɗin Hausa, sai tela ya taɓe baki ya ce wankiya ce, wato an ɗauko na Indiya an wanke shi tas an sa masa kaftani. Zai faɗa maka inda jarumi zai suma, da inda uwa za ta yi kuka, tun ba ka gaya masa ba, kuma abin haushin yakan yi daidai. Samari su ce ai su Indiyawan ma a wurin wasu suke ɗauka. Mai gidan kallon ya sa baki ya ce shi ba wannan ce damuwarsa ba, damuwarsa kashi na biyu, da ake jan labarin da ya riga ya mutu kamar ana jan gajiyayyen jaki. Haka za su wuni. Yanzu da na girma na gane yunwa suke mantawa da ita, don musu ba ya buƙatar hatsi.

Wata ranar kasuwa yayana ya faɗo gida da gudu, ko sallama babu, yana haki yana cewa ya ga Baffa. Kakata ta miƙe da sauri har ta kifar da ƙwaryar da ke cinyarta. Da aka tambaye shi a ina, ya ce a cikin fim. Babana ya ɗaga hannu zai mare shi, sai ga tela ya yi sallama a zaure, ya ce yaron bai yi ƙarya ba.

Babana mutum ne da ba ya son ko a ambaci gidan kallo a gabansa, amma ranar shi da kansa ya je can ya ɗauko akwatin talabijin a ka. Bayan la'asar aka rataye bargo a ƙofar zaure don a samu duhu, matan gida da na maƙwabta suka cika wurin. Labarin 'yar mai kuɗi ne da saurayi talaka, da waƙe-waƙe a cikin lambu. Kakata ba ta san ma ana yi ba. Can sai ga mota ta tsaya a gaban wani katafaren gida, aka danna ham, ƙyauren ƙarfe ya buɗe. Wanda ya buɗe ɗin ya russuna ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Iyakar aikinsa ke nan a fim ɗin gaba ɗaya.

Baffa ne. Da doguwar fuskarsa, da yadda yake karkata wuya in zai yi gaisuwa. A kansa akwai shuɗiyar hula mai koren baki, wadda tela ya ce shi ya ɗinka ta, shuɗin zare ya ƙare masa ya ƙarasa da kore. Kakata ta ja jiki har gaban akwatin, ta ɗora tafinta a kan gilashin. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce, "Ya rame." Sannan ta ce a tariyo mata baya. Aka tariyo, ya sake buɗe ƙyaure, ya sake gaisuwa. Ban san sau nawa aka yi haka ba, har dai mai ya ƙare janareta ya mutu da kansa.

Washegari aka ƙarasa kallon, rubutu ya fito a ƙarshe. Kakata ta tambayi abin da aka rubuta, yayana ya ce an ce a haɗu a kashi na biyu. Babana ya sake shiga motar Kano, ya nemi masu fim ɗin har ya same su. Suka karɓe shi da mutunci, suka ce irin waɗannan ƙananan wurare a bakin titi ake kiran mutum ya yi na yini ɗaya a sallame shi, ba wanda ya riƙe sunansa. Ko a jerin sunayen ƙarshen kaset babu shi. Da babana ya dawo da wannan labari, abin da ya rage wa kakata a duniya shi ne kashi na biyu.

Ita ta aike ni in kira mata tela. Ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta suka gaisa.

"An ce kai ka san na Indiyan da suka kwaikwaya," in ji ta.

"Na san shi, Inna."

"To a can, shi maigadin nan, yana nan har ƙarshe?"

Tela ba mutum ba ne mai faɗar abin da bai gani ba. Ya ce yana nan, shi ne ma yake buɗe wa motocin amarya ƙyaure a ƙarshen labari.

"To Allah ya sa su kwafa sak," in ji kakata. "Kada su canza komai."

Tela, wanda ya shekara yana tsine wa masu kwafa, ya sunkuyar da kai ya ce amin.

Daga nan musun gindin darbejiya ya sake kama. Da wani saurayi ya ce ai masu fim ɗinmu sukan canza ƙarshen labari don a ce nasu ne, sai a yi masa caa, kamar ya yi saɓo. Mai gidan kallo ya bayyana cewa yawanci tare ake ɗaukar na ɗaya da na biyu, a raba don a sayar sau biyu, amma tunda wannan ya daɗe bai fito ba, sabon ɗauka ake yi. Da na kai wa kakata wannan magana, ranar na ga haƙoranta. Ta fahimci abin sarai, ba ruɗewar tsufa ba ce. Ta san wasa ne ake shiryawa. Lissafinta shi ne, in sabon ɗauka ne kuma aka ga ɗanta a ciki, to yana raye har zuwa bana.

Rani ya wuce muna jira. Fetur ya yi wuya a lokacin, sai a hannun masu sayarwa a galan, amma kakata ta riƙa ɗiban irin gyaɗarta da ta ɓoye don shuka tana bayarwa a samo ɗan kaɗan, a kawo akwatin a nuna mata wurin nan. Babana ya yi magana sau ɗaya, ta dube shi, bai sake ba. Saboda yawan tariyowa kaset ɗin ya gaji daidai wurin. Hoton ya fara rawa, fararen layuka suka riƙa ratsa fuskar Baffa, muryar ta shaƙe. Duk kallon da ta yi masa yana ƙara goge shi, ta kuma sani, amma ba ta iya bari ba.

Kashi na biyu ya iso ana tsakiyar marka, lokacin da yunwa ta fi tsanani, gero bai nuna ba kuma rumbu babu komai. Mai gidan kallo ya rantse ba zai nuna wa kowa ba sai kakata ta gani, shi kansa bai duba ba. Zauren ya cika har waje, ana yayyafi, warin hayaƙi yana shigowa ta gefen bargo. Tela na zaune daga baya. Duk abin da ya faru a fim ɗin sai in ji yana cewa a hankali, "Haka yake. Haka yake a can." Uban yarinya ya yi rashin lafiya, haka yake. Saurayi ya cece shi, haka yake. Ban taɓa jin an yi murna da wankiya irin ta ranar ba. Kakata ta riƙe hannuna.

Sai ga motocin amarya. Aka danna ham. Ƙyauren ƙarfen nan ya fara buɗewa, hannu ya bayyana, sannan shuɗiyar hula mai koren baki. Wata daga cikin mata har ta fara guɗa. Mutumin ya ɗago kai, gajere ne mai kumatu, ba mu taɓa ganinsa ba.

Guɗar ta tsaya a maƙogwaro. A cikin akwatin ana ta kiɗan biki. Kakata ta ce a tariyo, aka tariyo sau ɗaya, ta ƙura ido, ba ta nemi a sake ba. Ta juya wajen tela.

"Hular da ka ɗinka ce?"

"Ita ce, Inna."

"Wa ya ba shi?"

"Inna, ajiye kayan suke yi, don na biyu ya yi daidai da na ɗaya."

"Kayan suke ajiyewa," in ji ta. "Mutumin fa?"

Ta dafa kafaɗata ta miƙe ta shige cikin gida a cikin yayyafin, ko mayafi ba ta gyara ba. Da safe ta sauko da fartanyar nan ta miƙa wa yayana, ta ce ya je ya taya babansa noma. Ba ta ƙara neman a kawo akwati ba, ba ta ƙara ambaton Baffa ba, kuma ba ta kai girbin shekarar da ta biyo baya ba. Tela ya ci gaba da ɗinkinsa, amma in samari suka tambaye shi ko sabon fim wankiya ne, sai ya ce bai sani ba. Baffa kuwa har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba, ba mu yi masa zaman makoki ba, ba mu kuma daina sa shi a addu'ar rayayyu ba, kuma wannan ya fi mutuwa ciwo.

Yanzu gidan kallon ya zama shagon cajin waya, an sare darbejiyar. 'Ya'yana a waya suke kallo, fim mai dogon zango da ba ya ƙarewa, da na Indiya da aka sa wa bakin Hausa, suna irin musun nan na wa ya kwafi wa, ina jin su ba na tankawa. Na sa babban ɗana ya nemo mini tsohon kashi na ɗayan nan, ya duba ko'ina bai samu ba, kaset ɗin garinmu kuma sanyin damina ya cinye shi tuntuni. Abin da ya samo shi ne sabon da aka sake yi da yaran zamani, labarin dai shi ne, gida ya fi na da kyau. Na zauna na kalla ina jiran wuri ɗaya. Mota ta zo, aka danna ham, ƙyaure ya buɗe, mota ta shige. Ba su ma nuna wanda ya buɗe ba.