Injin da ke Ɗakin Baya

Mai Kujeru ba ta yarda da abin da ba za ta iya kullewa ba. Tun tana bayar da hayar 'yan kujerun roba a ƙofar gida har ta kai ga shago da sito, da rumfuna da tebura da motar kai kaya, damin makullanta na rataye a ƙugunta. Kafin a gan ta an ji ta, kacau-kacau. Mijinta, tsohon direba da ya ajiye tuƙi ya koma zaman bakin shago da rediyonsa, yakan ce da numfashi na da ƙofa, da tuni ta sa masa kwaɗo.

A cikin makullan akwai wani ɗan ƙarami, na ɗakin baya. Nan injin yake, wata baƙar kwamfuta mai gurnani a ƙarƙashin tebur. Ita ke riƙe da duk wanda ya kama kaya: wa ya ce a ajiye masa rumfa, wace rana, ina za a kai. Babban ɗanta ne ya haɗa ta, wanda kowa ke kira Injiniya tun ranar da ya warware rediyon babansa yana yaro ya kasa mayarwa. Yanzu magidanci ne, kuma duk shekarun nan shi kaɗai injin ke ji wa magana.

To, injin ya tsufa, ga shi Injiniya ya samu aiki a wani gari mai nisa. Ya ce ba zai tare can ba sai an san yadda za a yi da ɗakin baya.

"Inna, hanya biyu ce," in ji shi, ya jawo kujera ɗaya daga cikin tulin ya zauna gabanta. "Ko mu sayi sabon inji mu ajiye a nan, komai namu a hannunmu. Ko mu ba kamfani, su ajiye a nasu injinan, ke kina shiga ta wayarki, ana biyansu duk wata."

"Nasu injinan suna ina?"

"Nesa. Wataƙila ma wata ƙasa."

"Wataƙila? Kai ma ba ka sani ba? To wa ke riƙe da makullin?"

"Ba makulli ba ne, Inna. Lambar sirri ce."

"Su sun san ta?"

"A'a."

"Kayana na ɗakinsu, amma ba su iya buɗewa. Ni kuma ina iya buɗewa, amma ban san inda ɗakin yake ba." Ta juya wajen mijinta. "Malam, kai ka gane?"

"Ni direba ne," in ji Malam. "Abin da ba shi da taya ba na sa baki."

"To kai faɗa mini, wanne ya fi?"

"Kowanne da nasa, Inna."

"Na haife ka ne don ka ce mini kowanne da nasa?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya ce na nan ba ruwansa da sabis, ko intanet ta ɗauke yana aiki, kuma ba mai leƙa mata sirri. Sai dai yana son mai kula da shi, mai gyara idan ya tsaya, mai kwashe bayanan yana adanawa.

"Wa ke nan?"

Ita ma ta san amsar. Idan injin ya zauna, Injiniya ya zauna. Idan ta ba kamfani, ba sauran abin da zai riƙe shi. Abin da ya dame ta shi ne, da gaske ta fi son na ɗakin baya, amma ta kasa tantancewa: don ya fi ne, ko don wanda ke durƙusawa gabansa?

Sai ta shiga bin layi tana tambaya. Mai kemis ya ce kada ta kuskura ta ba kamfani. Ranar da sabis ya ɗauke, yana kallon magani a kan kantarsa, mai saye na kallonsa, wayar na ta juya 'yar da'irar nan kamar mai hajijiya. Ta fito ta yanke shawara: inji. Ta shiga wajen mai buga katin gayyata, ya nuna mata baƙin tabo a bango inda nasa injin ya kama da wuta, aikin shekaru ya tafi. Ta fito ta yanke shawara: kamfani. Mai ɗinki ta ce ita duk a kanta take riƙewa, kuma kwanan nan ta ɗinka wa wata riga da awon wata. Mai Kujeru ta dawo shago kanta ya fi na da nauyi.

Wata budurwa daga kamfanin ma ta zo, da faffaɗar waya da murmushin da ba ya gajiya.

"Mama, ko shagon nan ya nutse, bayananki na nan."

"Ki yi wa bakinki linzami, 'yar nan. Idan ku kuka nutse fa?"

"Ai muna ajiyewa a wurare da yawa."

"Au, ba ma wuri ɗaya ba? Idan abu ya lalace, ina zan je in yi masifa?"

Budurwar ta miƙa mata kati mai lambar waya. Mai Kujeru ta juya shi gaba da baya. Ita da ta saba riƙe wuyan riga, an ba ta lamba.

Ana cikin haka wajen aikin suka kira Injiniya, ya je a nuna masa ofis da mutane. Ya ce mata kada a taɓa komai a ɗakin baya. Ba ta yi niyyar taɓawa ba. Leƙawa kawai ta yi, ta ga ƙura ta kwanta a kan injin, taga a buɗe, fanka na ta juyi ba kowa a ɗakin. Abin ya ba ta haushi. Ita da ba ta barin ko ƙafar tebur a buɗe? Ta kashe fankar, ta rufe tagar, ta ɗauko tamfol mai kauri irin wanda take lulluɓe kujerun alfarma da shi, ta rufe injin ruf, ta cusa gefe da gefe yadda iska ba za ta shiga ba. Ta kulle ƙofa tana jin ta yi wa ɗanta abin kirki.

Washegari allon da ke kan teburinta ya ƙi nuna komai. Kafin ta gama danne-danne, ga mutum biyu a bakin shago, wani shugaban makaranta da wata mata mai taron ƙungiya, kowa na rantsuwa shi ya kama babbar rumfa ranar Asabar.

"Ki duba mana, ai yana ciki!"

"Yana ciki," in ji Mai Kujeru. "Cikin ne ya ƙi buɗewa."

Ta shiga ɗakin baya, zafi ya buge ta, tamfol ɗin kamar an sauke shi daga kan wuta. Ta kira Injiniya.

"Inna, kin ce kin yi me?"

"Rufe shi na yi, kada ya yi datti."

Ya sa ta yaye tamfol ɗin, ta kunna fanka, ta danna nan, ta danna can. Injin ko tari. Daga ƙarshe ya ce, "Bari in shigo mota."

Da ta ajiye wayar, sai ta ji wani daɗi ya taso mata tun daga ciki. Ta lallashi masu rumfa suka tafi, ta aika gida a ɗora tukunya, har da ɗan waƙe-waƙe tana goge tebura.

"Inji ya mutu kina waƙa," in ji Malam, bai ɗago daga rediyonsa ba. "Ni dai direba ne."

Da la'asar Injiniya ya iso, da sabuwar riga da katin wajen aiki rataye a wuya. Ko ruwa bai sha ba ya durƙusa ƙarƙashin teburin. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon katin yana jan ƙasa, hotonsa na shafar siminti. Wayarsa ta yi ƙara. Ya amsa daga durƙushen, murya ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, uzuri ne ya taso a gida... E, na san yau ne... A'a, ba zai sake faruwa ba, in Allah ya so."

Mai Kujeru ta san zai sake faruwa. In ba tamfol ba, wuta. In ba wuta ba, ɓera. Kuma ta san duk ranar da ya faru za ta ɗora tukunya tana waƙa. Wannan ne ya fi ba ta tsoro.

Injin ya farfaɗo da ƙyar. Rumfar ta shugaban makaranta ce. Matar ƙungiya Asabar ta gaba ta kama. Injiniya ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Ai kin gani, Inna. Sabon inji za mu saya. Zan yi musu bayani a can, in sun ga ba za su iya jira ba..."

"Ina katin yarinyar nan mai murmushi?"

"Inna, kin fa ce ba ki gane ba."

"Har yanzu ban gane ba. Kira ta."

Budurwar ta zo, aka kwashe komai aka tura inda ba wanda ya sani. Mai Kujeru ta sake yin tambayoyinta duka, ta samu amsoshin da ta samu a da, ba wadda ta zauna mata. Da aka zo zaɓen lambar sirri ta kore su duka waje, har Malam, ta rufe ƙofa, sannan ta leƙo ta tambaya a ina ake dannawa.

Injiniya ya tare can garin da iyalinsa. Ɗakin baya ya koma wajen ajiye kujerun yara, kuma har yau tana kulle shi da ɗan makullin nan. Idan aka tambaye ta ina bayanan shagonta suke, takan nuna wayar, ta nuna sama, ta nuna gabas, sannan ta ce a tambayi wani abin.

Rannan da hantsi wani mutum ya zo kama tebura, sabis ya ɗauke. 'Yar da'irar ta hau juyi, daidai yadda mai kemis ya faɗa. Ta ɗaga wayar sama, ta fita bakin titi, ta dawo. Ta nemo lambar Injiniya, yatsanta na kan lambar. Yanzu yana ofis, wataƙila gaban yallaɓan nan. Ta kife wayar a kan tebur.

"Baiwar Allah, zai daɗe?" in ji mutumin.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Ta zaro kujera ɗaya daga tuli, ta goge ta da gefen mayafinta. "Zauna mu jira shi tare. Kujera dai ba za ka rasa ba a nan."