Mutumin da Yake Zuwa Ran Kwana Talatin

A bakin matar kawuna, wadda muke kira Inna, na fara jin sunansa. Ranar da aka sallamo Kawu daga asibiti ne, tana jera magunguna a kan durowa, ta ce wai wani zai zo duba shi idan ya cika wata guda, ma'aikatan ɗakin masu ciwon zuciya ma Kwana Talatin suke ce masa. Kawu ya yi dariya har ya dafe ƙirji, ya ce wannan ai sunan hukuncin alƙali ne.

Kawu tela ne. Yana kan keken ɗinki ciwon zuciyar ya buge shi. A asibiti, kafin a gama cire masa riga, wata ma'aikaciya ta kawo takarda mai shafi goma sha ɗaya. Ta ce ana gwajin wani sabon magani mai hana jini daskarewa a kan dubban mutane, ya sa hannu a nan. Inna tana waje, an hana ta shiga. Da na tambaye shi daga baya me ya fahimta, ya ce a lokacin ko takardar sayar da shagonsa aka miƙo masa zai sa hannu, in dai za a ɗauke masa dutsen da ke kan ƙirjinsa. Na karanta kwafin da suka ba shi. Maganar cewa maganin yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa tana can shafi na tara.

Ran kwana na goma sha tara, da hantsi, Kawu ya ce kansa yana sarawa. Bakinsa ya karkace, ya yi amai, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Likita bai gan shi ba, don haka ba mu da takardar shaidar mutuwa.

Kwana Talatin ya zo a ranar da aka ce. Dattijo ne siriri, da tsohon babur da jakar leda cike da fom, bironsa a ɗaure da zare a maɓallin riga. Shekara ashirin ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, sai bayansa ya gaza, masu gwajin suka ɗauke shi bin gidaje saboda babu lungun da bai sani ba. Aikinsa ya ga mutum da idonsa, ya rubuta yana raye ko ya rasu, ko kuwa ba a same shi ba.

Inna ta tare shi a ƙofa.

"Kai ne mai dubiyar? Ka makara da kwana goma sha ɗaya. Ko kabarin zan nuna maka ka auna masa jini?"

Bai kare kansa ba. Ya cire takalmi, ya tsuguna, ya yi mata gaisuwa, ya bari ta zage shi har ta gaji ta shige ɗaki. Ni na zauna da shi, tunda ni ce mai riƙe ranakun haihuwa da mutuwa na gidanmu. Ya tambaye ni awa nawa tsakanin shan magani da ciwon kan, wane gefen bakin ne ya karkace, ko Kawu ya taɓa yin haɓo. Ya taɓa, sau biyu. Inna ta kira lambar da ke jikin takardar a lokacin, ba a ɗauka ba. Duk ya rubuta, sannan ya nuna min inda ya sa alama: ya rasu.

Bayan mako uku sai ga shi ya dawo, ba jaka. Ya ce ya je ajiye fom ɗin wasu, ya tarar an sake cika na Kawu. An mayar da shi layin waɗanda ba a samu ba, kamar wanda ya tashi daga unguwa. Ya je wurin shugabar ofishinsu, ta ce mutuwar da ba ta da takarda zance ne kawai. Ta ce akwai kwamitin likitoci na waje masu lura da lafiyar mutanen da ke cikin gwajin, idan suka ga masu zubar jini sun yi yawa za su tsayar da komai, aikin shekara biyu ya tashi a banza. Ta tura masa sabon fom ɗin don ya sa hannu, ta ce kar ya ɗaga wa mutane hankali da tsufansa.

Gida bakwai ya ƙirga irin namu.

 Mutumin da ya ɗinka min kayan makaranta tun daga aji ɗaya, wanda na ga an fita da gawarsa ta ƙofar nan, wata tana zaune a ƙarƙashin fanka ta mayar da shi ɓatacce don jadawalinta ya yi kyau. Kuma a ranar ma ana can ana miƙa wa wani majinyaci mai zufa takardar nan.

Na ce, "Baba, maganin ne ya kashe shi?"

"'Yata, ban sani ba," in ji shi. "Rabin majinyatan maganin ake ba su, rabi ƙwayar da babu komai a ciki, ni ma ba a gaya min na wa ne wanne ba. Ban ƙi gwaji ba, ta haka ake gane magani. Amma in ba a rubuta shi cikin matattu ba, ba wanda zai taɓa sani."

Bai sa hannu a sabon fom ɗin ba. Ya ce da can a motar asibiti ya ɗauki gawa ta fi ɗari, bai taɓa cewa wata ta sauka a hanya ba. Ya nemo adireshin kwamitin a bayan takardar Kawu, ya rubuta musu wasiƙa da sunayen gidaje bakwai ɗin. Da wata ya ƙare aka ce masa ba a buƙatar mai bin gidaje, za a riƙa kira ta waya. Yanzu gadi yake yi a wata makarantar firamare. Inna, wadda ta zage shi, ita ce take aika masa abinci idan na je gaishe shi, tana cewa a kai wa ɗan taurin kan nan.

Shekara uku ke nan kwamitin bai amsa ba. Ban san ko wasiƙar ta isa ba. Na sauya waya sau biyu, amma layina na da yana nan, kullum a kunne, saboda abin da ya roƙe ni ranar da ya kai wasiƙar gidan waya. Ya tsaya a ƙofarmu, bai ma kashe babur ba, ya ce:

"Lambarki na rubuta musu, ke ce shaidar kawunki. Don Allah kada ki canza layin nan, kuma ko baƙuwar lamba kika gani, ki ɗauka."