Sajan Bunu Mai Gadin Hanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairu, ina tsakiyar lodin shinkafa a Azare aka kira ni aka ce Sajan Bunu Adam ya rasu. Motar sulkensa ta taka nakiya a hanyar da ake kai wa sojoji abinci a Borno. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In shiga gida in fito, in tada mota in kashe.

Ni direba ne, ba soja ba. Abinci nake kai wa rundunar da ke bakin daga. Kai kuwa, Sajan, aikinka da motocin sulkenka shi ne gadin bayan runduna, wato hanya da rumbun abinci da tantin masu rauni. In ka zo hutu 'yan unguwa kan ce, "Ai kai a baya kake, ka huta." Ba ka taɓa yi musu musu ba. Ni kaɗai ka ce wa, "Maikuɗi, in aka datse hanyar nan, yunwa za ta riga harsashi gamawa da na gaba."

Wata la'asar tayata ta fashe a tsakiyar daji, aka buɗe mana wuta daga cikin sabara. Sauran motoci suka wuce, haka umarni yake. Kai ka juyo, ka gitta motarka tsakanina da masu harbin. Harsasai na dukan ƙarfe, ina ta kokawar ɗaura wata tayar da sauri. Ka leƙo ka ce, "Ɗaura a hankali, ɗan garinmu, ba inda za ni."

Abokan aikinka sun ce ranar da ka rasu motocin marasa lafiya kake rakiya. Hanyar ba ta kwanta maka ba, ka tsayar da su, ka shiga gaba ka duba. Dukansu sun isa asibiti.

An ba ni lodi ta wannan hanyar mako mai zuwa. Ban ce zan je ba, ban ce ba zan je ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Ya Fanna, da matarka Bara'atu, da 'yarka Hidaya wadda har yanzu take rugowa ƙofa in ta ji ƙarar mota. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, Sajan, ya karɓi shahadarka, ya raya abin da ka bari. Amin.