Usaina, Wadda Aka Haifa Ranar 'Yanci

A gidanmu na Sule Tankarkar, da an ci tuwon dare sai mu yara mu zagaye murhun kakarmu, Iya Dije. Tana tura mana gyaɗa cikin toka mai zafi, tana ba mu labarin kura da biri, har da kwaikwayon muryoyinsu. Ni take tsokana fiye da kowa, ta ce ni ne maigidanta, amma ko cefanen gishiri ban taɓa yi mata ba.

Ina aji huɗu na dawo daga faretin ranar samun 'yancin kai, ƙafafuna na zafi, kaina kuma ya kumbura. Malaminmu ya karanto mana manyan abubuwan da suka faru a rana irin wannan da sunayen manyan mutanen da aka haifa a cikinta, sannan ya nuna ni ya ce Malam Hassan, mahaifina, rana ɗaya aka haife shi da ƙasar nan. Da muka zauna da yamma na kwashe duka na gaya wa Iya.

Ta daɗe tana juya toka da tsinke. Can ta ce, "Maigida, malaminku bai ƙirga daidai ba. Su biyu ne."

Ta ce cikin fari ne, an kai ta goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauye kusa da Gagarawa. Lokacin an fara yankan gero. Tun jajibiri mahaifinta da yayyenta da kusan duk mazan garin suka ɗaura wa jakuna akumari suka nufi Gumel kallon biki. Aka bar mata da tsofaffi. Da asuba naƙuda ta kama ta. Kafin hantsi namijin ya faɗo lafiya, aka yi guɗa. Sai ungozoma ta dafa cikin ta ce akwai saura, kuma a gicciye take.

"Aka ba ni rubutu na sha, aka ba ni jiƙo na sha. Innata ta fita tana bin gida gida, ko za ta sami wanda zai ɗauke ni zuwa inda akwai magani. Jaki ɗaya babu a garin, Maigida. Ta dawo ta zauna ta riƙe min hannu. Iyakar abin da ta iya ke nan."

Sai bayan la'asar yarinyar ta fito. Ta yi kuka sau ɗaya, siriri, ta yi numfashi kaɗan a kan cinyar ungozoma, ta koma. Wani tsoho mai sanda ne ya lallaɓa ya haƙa mata rami a bayan danga. Washegari maza suka dawo da waƙa a bakinsu da 'yan tutoci a hannu, suna ta ba da labarin abin da suka gani.

Ƙanwata ta ce, "Iya, kin yi kuka?"

"A kan ɗan fari? A gaban mutane? Sai dai na juya fuska bango." Ta tono gyaɗa daga toka ta miƙa mata. "Ba ta ga ranar suna ba. Amma tagwaye da sunansu suke zuwa. Usaina ce. Usaina."

Duk tsawon zamanmu da Iya ban taɓa jin ta kama sunan babanmu ba, saboda kunyar ɗan fari. Sai dai ta ce "ubanku". Amma a ranar ta faɗi sunan 'yarta sarai, sau biyu ma.

Yanzu ni ma malami ne a Maigatari. Duk shekara ni nake tsayawa gaban yara in karanto musu waɗanda aka haifa da abin da ya faru a wannan rana. Da ina yaro na ɗauka labarin baƙin ciki kawai Iya ta ba mu. Sai da na girma na gane cewa ajiya ta ba mu, don ta san babu takardar da za ta riƙe mata wannan sunan. Ita ta rasu, Baba ma ya bi ta bara.

Bayan addu'ar arba'in ɗinsa na hau babur na tafi ƙauyen. Gidan ya rushe tuntuni, wurin ya zama gonar riɗi. Mai gonar ya ɗago daga aiki, muka gaisa, ya ce, "Malam, wa kake nema?"

Na ce, "Gwaggona. A nan aka binne ta."

Ya dubi gonar tun daga wannan kunya har waccan, ya ce, "Ta wane ɓangare?"

Ban sani ba. Babu kuma wanda ya rage da zan tambaya. Ya ajiye laujensa ya zo ya tsaya kusa da ni, muka ɗaga hannu muka yi wa gonar duka addu'a.