Maɓallin da na hana a danna

Shekarun baya can, lokacin ina sayar da atamfa a unguwar Treichville ta Abidjan, yayana ya rasu ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa. Ba ruwana da ita, in ban da bidiyo ɗaya da ke ciki, na sunan 'yata, inda yake ta magana yana dariya. Muryarsa da ta rage a duniya ke nan.

Bayan arba'in mahaifiyarmu ta zo daga Maraɗi. Rabonta da ganinsa shekara shida. Kullum sai ta ce in nuna mata, kullum kwamfutar nan sai ta kunyata ni. Hotonsa ya fito, ya buɗe baki, sai komai ya ƙame. Haka muka yi ta fama har na yanko mata tikitin komawa a tashar Adjamé, ya rage saura kwana ɗaya.

Da hantsi na kira abokina mai gyaran waya a kasuwar Roxy, ya zo gida. Haifaffen Abidjan ne, Hausarsa sai a hankali. Ya duba ya ce mémoire ɗinta ce ta cika, amma yana da wata 'yar manhaja ta kyauta a filashinsa. Yana sa ta sai ga maɓalli ɓaro-ɓaro: Libérer la mémoire.

Ni kuwa Faransancina na ciniki ne. Iyakar sanina, mémoire shi ne abin da aka riƙe ba a manta ba, libérer kuma a saki. Wato a saki yayana ya tafi ke nan! Ban san lokacin da na damƙe masa hannu ba. Na rantse in ya taɓa maɓallin nan, ni da shi har abada.

Bawan Allah ya yi ta lalubo Hausa yana gumi. Ya ce in tuna shagona, ai tebur daban, sito daban. Tebur ne ya cika da tarkace har ba wurin shimfiɗa atamfa, shi za a share, ba wanda zai taɓa sito. Na gane sarai, amma tsoro ya hana ni sakinsa.

Inna ce ta raba mu. Ta ce, "Sake shi ya danna. Wanda ya ɗauki mai muryar ma ban yi jayayya da shi ba."

Na saki. Ya danna. Wani jan layi ya ja baya ya koma kore, muka sake buɗe bidiyon. Sai ga yayana ya yi sallama, ya ɗago jaririya ya ce, "Inna, ga takwararki." Ta amsa masa da ƙarfi, har da tambayarsa gajiya. Ni dai waje na fita, don kuka ya ci ƙarfina.

Da ta nutsu ta tambaya wane ne ya ƙera manhajar nan, don a yi masa godiya. Abokina ya ce bai san shi ba, wani ne can ya yi ya sakar wa duniya kyauta. Ta ce to ita ta san inda za ta kai godiyarta.

Abokina har yau yana tsokanata da mémoire, ni ma ina taya shi dariya. Inna kuwa ta riƙa sa mutumin nan a addu'a har ta koma ga Allah. Ban san sunansa ko ƙasarsa ba, amma na ɗora daga inda ta tsaya.