Hannun Lauya

Damina bakwai muna yi wa gonar ɗan ƙanen babana gayya a Tsarnawa, don ya zamna Yamai ya yi karatun lauya hankali kwance. Ni na riƙe hauya har tahin hannuna ya yi kanta. Da rigimar iyakar gona ta kai ni kotun Konni, sai na iske shi cikin baƙar riga yana kare attajirin da ya tumɓuke gambar da ke iyakata. Gonata ta tahi. Baya ga shekara biyu ya zo neman ƙuri'ar depite, wato ɗan majalisa, ya miƙo mini hannu yana "Yaya, Yaya". Hannun taushi kamar na jinjiri. Na san fatar wa ta ƙare kahin nashi ya yi taushin nan.