Ƙahon da na zare daga ɗaurin Malam Ilu

Malam Ilu baduku ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ko koko ban sha ba. Sale, babban ɗansa, shi ya kira ni daga Maigatari. Ya ce bayan sallar asuba ne. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye wayar a kan tabarma, na zauna ina kallon hannuna na dama.

Yawancinku ba ku san shi ba. Bai taɓa riƙe muƙami ba, babu jaridar da za ta buga hotonsa. Waɗanda ake buga hotonsu na san su, a ƙarƙashinsu na yi aiki, kuma ba zan ƙona data a kansu ba.

Bari in gaya muku yadda na san shi, ko da yake labarin ba zai ƙara mini daraja ba.

A shekarun casa'in, bayan an yanko mana Jigawa, na dawo gida da digirina ina zumuɗi. Ni ɗan Fulanin ruga ne, ni kaɗai na yi nisa a boko a duk danginmu, kuma na ɗauka sabuwar jiha za ta nemi irina. Aka ajiye ni a wani ofis da ba sai na faɗi sunansa ba. Ina da baki, ban iya ganin abu in kau da kai ba. Daga Gumel aka yi mini tiransifa zuwa Gagarawa, daga can zuwa Sule Tankarkar. A nan aka ba ni ɗaki a ƙarshen baranda, da kujera, da kwamfuta guda ɗaya tilo da aka kawo babu wanda ya san abin da za a yi da ita. Aka ce ni ne mai Turanci, in kula da ita.

Babu fayil ɗin da ya ƙara zuwa teburina.

A cikin kwamfutar akwai wasan karta. In an tayar da janareta sai in kama maus, in ja wannan kati in ɗora kan wancan, tun hantsi har a tashi. Shekara kusan uku ina haka. Na ƙware sosai. Abin da karatuna ya haifa ke nan.

Ciwon ya fara da tsami a wuyan hannu. Daga baya yatsu uku suka riƙa mutuwa, biro na faɗuwa daga hannuna, lomar tuwo ma sai na daure. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ƙarfina shi ne gaisuwa.

Kun san yadda mutanenmu suke gaisawa. Manomi ko makiyayi in ya kama hannunka ba ya saki sai ya tambayi gida da yara da shanu da ruwan bana, kuma kowace tambaya da matsarta. Ni kuwa kowace matsa kamar an soka mini allura har gwiwar hannu. Sai na koma dafa ƙirji daga nesa, ko in cusa hannun cikin aljihun babbar riga.

Gari ya ɗauka. Aka ce boko ta kumbura mini kai.

A wani suna da aka yi a rugarmu, kawuna, yayan mahaifiyata, ya miƙo mini hannu a gaban jama'a. Dattijo ya miƙo maka hannu, girma ne ya ba ka. Na ba shi kan yatsu na janye. Wurin ƙanwarsa ya je ya ce ɗanta ya fara ƙyamar hannun da ke taɓa saniya. Ta yi kuka. Me zan ce? In ce wa mutanen da ke jan guga tun asuba wasan karta ne ya karya ni?

Na nemi magani a ɓoye. Na sayo wani ɗaurin roba a kemis a Kano, na zaɓi mafi matsewa don a tunanina matsi shi ne magani. Yatsuna suka kumbura kamar rogo. Na je wurin mai ɗori, ya jera mini karare kamar karaya, na yi mako ina cin tuwo da cokali a hannun hagu, ƙofa a rufe.

Madam Rifkatu ce ta gane. 'Yar Filato ce, ita ke buga tafireta a ofishinmu, ita kaɗai ke aikin gaske a barandar nan. Wata rana ta ja hannun rigarta ta nuna mini wani ɗaurin jar fata a wuyan hannunta. Ta ce wani baduku ne a kasuwar Maigatari ya ɗinka mata, in je ranar Alhamis in tambayi rumfar Ilu. Ba ta tambaye ni abin da ya jawo nawa ciwon ba. Ɗakinta yana jikin nawa, tana jin ƙaran maus.

Na same shi yana ɗinkin kube, ga fatu a rataye, ga ƙarar manyan motocin kamiyo daga tsallaken iyaka. Bamange ne, dangin Barebari abokan wasanmu, a wajen Damagaram aka haife shi, ya girme ni da kamar shekara goma. Yana jin harshena ya gane Bafulatani ne, ya ce yau ga bawansa ya kawo kansa kasuwa, wa zai taya? Na ce ai Barebari ba su da kuɗin sayen Fulani. Daga ranar bai taɓa kirana da sunana ba. Ɗan lakwal yake ce mini, yadda mutanen can ke kiran ɗan boko.

Na ce masa yawan rubutun ofis ne ya kama mini hannu.

Ya juya hannun, ya shafa ɗan yatsan tsakiya inda biro ke zama. Babu kanta. Ya shafa gindin tafin, inda nake dafa tebur, ya tarar da wurin ya yi baƙi ya yi tauri. Sai ya ɗauko ƙwallon goruba ya ajiye a kan allon da yake yanka fata.

"Nuna mini yadda kake riƙe abin."

Na kife hannuna a kan goruba, wuyan hannun ya lanƙwashe sama, manuniyata ta fara dannawa da kanta. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni awa nawa a rana, na faɗa. Ya tambaye ni me abin ke haifarwa in an gama dannawa. A nan na gaya masa gaskiya, shi ne mutum na farko da na gaya wa. Har maganar kawuna.

Bai yi dariya ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. Tambaya ɗaya ya ƙara yi, wai me nake so hannun ya koma yi. Na ce ina so in gaisa da mutane.

Ya yago kaba ya auna wuyan hannuna, ya auna daga nan zuwa tsakiyar tafi, ya ƙulla. Ya ce in dawo bayan Alhamis biyu.

Abin da ya ɗinka mini har yau ban ga irinsa ba. Fatar akuya ce mai laushi, ciki ya shimfiɗa tsumma don gumi, igiyar ɗaurewa a baya. Ta wajen tafi ya yi ɗan aljihu, ya sa ƙahon bijimi da ya gasa ya miƙar, ya ɗinke bakin. Ƙahon shi ke riƙe wuyan hannu a miƙe.

Ya ce in na ɗaura, ƙaramin yatsana ya iya shiga ƙarƙashi, in bai shiga ba na shaƙe jini. Ya ce in kwance lokacin alwala in bar hannun ya sha iska, in motsa yatsun, kada in wuni da shi hannu ya koyi lalaci. Na miƙa masa kuɗi, ya ɗauki na fata ya turo sauran, ya ce ubangida ba ya cin kuɗin bawansa.

Ɗaurin ya yi aiki. Cikin mako uku yatsuna suka farfaɗo. Na rubuta wasiƙa da hannuna. Ranar wata Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci na gaisa da mutum bakwai, na ƙirga su. Na yi niyyar in Sallah ta zo in je ruga in kama hannun kawuna da hannu biyu.

Amma ƙahon ya kai har tsakiyar tafi. In na kife hannu a kan maus, sai ya tokare. Biro yana riƙuwa, hannun mutum yana riƙuwa, maus ne kaɗai ba ya riƙuwa. Da gangan ya auna shi haka.

Sai na koma zaman ɗakin nan babu karta. Bango huɗu, agogo, da ƙaran tafiretar Madam Rifkatu. Ina jin takun masinja da fayil, ya zo daidai ƙofata ya wuce. Wanda bai taɓa zama a inda ake biyansa albashi don a manta da shi ba, ba zai gane ba, kuma ba na roƙon ya gane.

Wata ranar Litinin na sa reza na farke ɗinkin, na zare ƙahon, na jefa ta taga. Na mayar da fatar na ɗaura don masu kallo.

Kafin Sallah ciwon ya dawo, ya fi na da. Ban je ruga ba. Kawuna ya rasu da damina yana ɗauke da abin da yake ɗauke da shi a kaina.

Ban ƙara taka rumfar Malam Ilu ba. In na shiga kasuwar Maigatari sai in zagaya ta wajen raƙuma don kada mu haɗu.

Shi bai bar ni ba. Duk lokacin da Madam Rifkatu ta je sai ya ba ta saƙon gaisuwa, wai a gaida bawansa da ya gudu. Sau ɗaya ya aiko mini da gidan tabarau na fata. Da mahaifiyata ta rasu, ya hau bayan akori-kura har ruga. Da zai tafi, jama'a na kallo, bai miƙo mini hannu ba. Kafaɗata ya dafa, ya daɗe yana addu'a, ta yadda babu wanda zai ga na noƙe.

A lokacin ban gane ba. Na ɗauka haka yake ta'aziyya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da daminar bara ce, a tashar motar Gumel. Sale ya kawo shi ganin likitan ido, suna jiran a-daidaita. Ya tsufa, ganinsa ya yi rauni ƙwarai. Na so in wuce, sai Sale ya kira ni. Ina yin sallama tsohon ya ce, a'a, bawana ne, wa ya kamo shi?

Ya lalubo hannuna ya riƙe da nasa biyu, a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya bi wuyan hannun da babban yatsa.

"Ɗan lakwal, ka zare ƙahon."

Na ce tun yaushe ya sani. Ya ce tun ranar da na fara bi ta wajen raƙuma, ai rumfarsa tana kallon wajen.

"Biyu na yanka tun farko. Na san za ka zare na fari, kowa yana zarewa. Waɗanda suka warke su ne suka dawo karɓar na biyu. Naka yana nan. Ka zo Alhamis."

Na ce in sha Allahu.

Alhamis nawa ke nan tun daga ranar? Ni da na yi ritaya, ba ni da ofis, ba ni da karta, ba ni da komai sai zaman ƙofar gida da zagin gwamnati. Daga Gumel zuwa Maigatari ba tafiya ba ce. Kunya ce kawai, irin ta mai digiri a gaban baduku.

Ɗazu Sale ya ce da suna kwashe kayansa sun ga wani ƙaho a cikin jakar basillarsa, an naɗe shi da tsohuwar kaba mai ƙulli biyu. Ya ce tun kwanakin baya tsohon ya gaya masa na wane ne. Yana tambaya ko har yanzu ina so.

Ku samarin da nake gani a dandalin nan kuna kukan hannu saboda buga gem, kuna tambayar wane ɗauri za ku yi oda, ba ni da ilimin likita, in ciwo ya yi tsanani ku je asibiti. Abin da Malam Ilu ya koya mini kawai zan ba ku. Ku auna hannunku kafin ku saya. Ku nemi mai riƙe wuyan hannu a miƙe, wanda yatsa ke shiga ƙarƙashinsa. Ku riƙa kwancewa. In kuma ɗaurin ya hana ku abin da ya jawo ciwon, kada ku ce bai yi ba. Na san ba za ku ji ba. Ni ma ban ji ba.

Na gaji da rubutun nan, da yatsa ɗaya na hagu nake dannawa.

Yanzu zan nemi motar Maigatari. Yau Talata, ko Alhamis ɗin ban samu ba. Za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, dukawa da mahauta da Fulanin kara da mutanen tsallake duk za su zo, masu hannu kamar itace. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya in ba kowa hannuna na dama, ya matsa yadda ya ga dama. Sannan in karɓi ƙahona.

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya yafe masa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini nawa shekara da shekaru. Allah ya ba Sale da 'yan uwansa haƙuri. Madam Rifkatu, in wani ya karanta miki wannan a can gida, baduku ya riga mu.

Duk wanda ya kai ƙarshen rubutun nan, kada ya tsaya yi mini jaje. Ya ɗaga hannu ya roƙa wa Ilu gafara, ko sau ɗaya.

Allah ya ba shi littafinsa a hannun dama.